Rai-ɗoren Bakin Famfo

Auta birkila ne, irin birkilan da in suka ga ƙasa babu siminti a kanta sai su ji kamar an bar aiki rabi. Shi ya sa tsakar gidan mahaifiyarsa ta daɗe da tsaya masa a rai. Rami nan, tudu can, ga tsohon turmi a kife, ga rai-ɗore ya yi kaka-gida a bakin famfo har ya kai ƙugun mutum. Ciyawar da ke fitowa a kowace bola, wadda ko akuya ba ta kallonta! Amma Inna ba ta yarda a taɓa shi. In jika ya yi zazzaɓi, ganyensa take tsinka ta dafa, ta lulluɓe yaro da bargo ya yi sirace, yana ihu tana yi masa dariya.

Idon Inna ya yi ta mutuwa a hankali, har ya zama haske da duhu kawai take bambancewa. Yayar Auta, mai ɗinki, ta ce a mai da ita wajenta a wani gari. Inna ta ce ita da gidan nan sai dai a fitar da gawarta. Bayan an sha ja-in-ja aka tsaya a kan magana ɗaya: muddin tana iya kai kanta famfo da bayi, za a bar ta a ɗakinta. Ranar da ta kasa kuwa, sai tafiya. Auta na bayan Inna, don ya san in aka raba ta da gidan nan an gama da ita.

Da Yaya ta tafi da Inna asibitin ido na 'yan kwanaki, sai ya ga dama ta samu. Ya kwaso leburori, suka tumɓuke rai-ɗoren, suka mirgina turmin waje, suka kwashe ƙasar sama a baro. Ya zuba siminti ya shafe shi sumul kamar faranti. Ya tsaya a ƙofa yana kallon aikinsa, kansa ya yi girma. Yanzu sai ya ga abin da zai sa tsohuwa tuntuɓe.

Ranar da suka dawo, Inna ta sako ƙafa ta tsaya cak. Ta goga tafin ƙafarta a ƙasa.

"Auta, ina ne nan?"

"Gidanki ne, Inna. Gyara miki na yi."

"To. Allah ya yi albarka."

Ta ce za ta wanke ƙafa. Ta miƙa hannu daidai ƙugu, ta kama tafiya tana lalube. Ta wuce famfon ba ta sani ba, ta yi ta tafiya har goshinta ya bugi bango.

"Ina rai-ɗorena?" ta tambaya. "Daga ƙofa gangara ce ke kai ni turmi, daga turmi sai shi. In na taɓa shi 'ya'yansa suka yi kacau-kacau, famfo na hannun damana. In warinsa ya koma bayana, na kusa bayi."

Yaya ta juyo ta zuba wa Auta ido. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ya ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa famfo. Inna ta gwada don ta faranta masa, amma tsoro ya riga ya shige ta. Ta daina fitowa. Har ruwa ta rage sha don kada ta buƙaci bayi, tana ɓoyewa. Da Yaya ta gane, ba ta nemi shawarar kowa ba, ta haɗa mata kaya. Auta da kansa ya ɗora akwatin a mota, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Washegari ya ɗauki guduma ya farfasa simintin bakin famfo, ya tsinko irin rai-ɗore a bakin hanya ya watsa. Damina na sauka ya tsiro, ya yi fure rawaya, ya fi na da kyau. Sai dai babu mai taɓa shi.

Da 'ya'yan suka bushe, ya karyo reshe ɗaya ya tafi gaishe da Inna. Ya same ta zaune a ɗakin Yaya, ta rame. Ya sa mata reshen a hannu. Ta girgiza shi a kunne, ta murza ganyen ta shinshina, fuskarta ta washe. Kafin ta ankara hannun damanta ya tafi neman famfo, ya sauka a kan keken ɗinkin Yaya. Ta janye shi a hankali ta ɗora a cinya.

"Kada ka damu, Auta," in ji ta. "Kowa ya ce simintin ya yi kyau."