Matar Kaftin a Bakin Bahar

Ana gobe Nasiba za ta fita takabar mijinta Alamin, autarta Hanaa ta sauka a garinsu Mai Wurno na ƙasar Sudan daga birnin Madani, tana jan wani ƙaton akwati wanda babu ko allura a ciki. Ba sai an tambaya ba, kowa ya san abin da akwatin ya zo ɗauka.

"Inna, gidanga bakin ruwa yake," in ji Hanaa. "In bahar ya cika da damina, wa zai fid da ke? Baba ne mai tsaronki, Baba kuwa ya riga mu. Ki haɗa kayanki, khalas, magana ta ƙare."

Nasiba ta ci gaba da tsince wake. Ita dai ba ta son barin gidan, da rumfarsa, da bishiyar lemun tsamin da marigayin ya dasa. Amma ta san ɗiyarta, ba a cin ta da baki.

Shi Alamin, Kaftin ake ce masa a gari, alhali ko ƙamshin muƙamin bai taɓa ji ba. Ɗan manomi ne da ya ajiye fartanya ya tafi Bor Sudan ya shiga sojan ruwa. Can aka kawo wa ofishinsu wata kwamfuta mai girman rumbu, manya suka riƙa kewaye ta kamar maciji, shi kuwa ya ja kujera ya zauna gabanta. Zaman ke nan. Da ya tuɓe kaki, ya koma Hartum yana rubuta wa kwamfutoci umarni har furfura ta gama da kansa. In ya zo gida tsofaffi suka ce, "Kaftin, wai mi aikin naka yake?" sai ya ce, "Jaki nake koya wa tafiya. Ya fi iska gudu, amma sai ka ce masa ɗaga ƙafa, ajiye, ɗaga ɗayar. Ka manta guda, ya kai ka rami."

Washegari da hantsi ya yi, mata suka raka Nasiba bakin kogin Shuɗin Nilu, wanda suke ce wa bahar, yadda ake yi wa mai fita takaba. Iya Muhsina, babbarsu, tana gaba da sanda.

"Ki ɗiba ki wanke fuska da hannu, ki yi masa addu'a, mu koma. Kada ki wuce idon sawu, akwai santsi."

Ruwan ya taɓa ƙafar Nasiba, sai Bor Sudan ta faɗo mata a rai. Tana amarya Alamin ya ce matar sojan ruwa ba ta iya iyo ba, ai abin kunya ne. Ya riƙa kai ta wata gaɓar teku da babu kowa, yana koya mata kamar yadda yake koya wa jakinsa. Cika ƙirji. Kwanta. Ja da dama, ja da hagu. Ta sha ruwan gishiri har ta yi masa rantsuwar komawa gidan ubanta, shi kuwa sai ya ce, "Laifina ne. In na'ura ta yi kuskure, mai gaya mata ne bai faɗa daidai ba." Haka ya riƙe wannan maganar duk zamansu, ko miya ce ta yi gishiri. Da ya yi ritaya suka dawo gida, akwai wani lungu a bakin bahar bayan gonar ayabarsa da ya san sirrinsu, can suka ci gaba da iyo. Ko 'ya'yansu ba su sani ba.

Ta wanke fuska, ta yi masa addu'a mai tsawo. Sannan ta warware farin tob ɗinta, mayafin da ta naɗe jiki da shi, ta miƙa wa Hanaa, ta ɗaure bakin rigarta.

"Riƙe min."

"Inna, ina za ki? Inna!"

Ta wuce gwiwa, ta wuce ƙugu, ta cika ƙirji ta kwanta.

"La ilaha illallahu!" Iya Muhsina ta yar da sanda. "Jama'a, za ta bi shi!"

Ba bin sa take yi ba. Hannu take ja a natse, dama, hagu, har ta kai ga wani kwalekwale da masunta suka ɗaure can ciki. Ta dafa shi, ta huta, ta juyo. Da ta fito tana haki, mata sun rasa ko salati za su yi ko guɗa. Wata ta zaɓi guɗa.

"Ke Nasiba, ashe kifi muke zaune da shi shekara da shekaru!" in ji Iya Muhsina. "Wa ya koya miki wannan rashin kunya?"

"Mai gidan da kuka ce ba ku gane aikinsa ba."

Hanaa na tsaye da tob a hannu, hawaye da dariya sun haɗe mata.

"Inna, kin kusa kashe ni."

"Ke ce kika ce ba mai fid da ni." Ta karɓi tob ta yafa. "Ga yadda babanki zai tsara ta. Duk shekara ki zo ki tsaya nan. In na kai kwalekwalen can na dawo, ki bar ni a ɗakina. In na kasa, ki buɗe akwatinki."

Washegari Hanaa ta hau motar Sinnar, hanyarta ta komawa Madani. Akwatin ya yi nauyi har sai da mutum biyu suka ɗaga shi, cike da lemun tsami da ayaba, kuma direba ya yi ta mita har bakin gari.