Bas Ɗaya, Gidaje Uku

Tun da Wendell ya ga toka tana sauka a kan gilashin motarsa da hantsi, jikinsa ya ba shi cewa yau ba za a wanye lafiya ba. Wutar daji ta hauro dutsen bayan gari, 'yarsa Corinne kuwa tana bakin aiki a gidan kula da tsofaffi.

Ya tarar da tsofaffin jere a ƙofa cikin kekunansu, kowa da bargo da ledar magani a cinya.

"Shigo mu tafi," ya ce da Corinne.

"Baba, motar bas ɗin da muke jira, ashe gidajen tsofaffi uku na kwarin nan duk da ita suka dogara. Tana can ƙetaren kogi tana kwasar wasu."

"To ke ce direba? Shigo mana!"

"In bar wa wa su?"

Wata tsohuwa mai suna Mavis ta ɗaga sandarta. "Saurayi, in 'yarka ta ƙi ka, ni ina so."

Corinne ko murmushi ba ta yi ba. Ta sa Mavis da wasu biyu masu iya takawa a motarsa, ta rufe ƙofa. "Yi ta tafiya, Baba."

Ya ja mota yana kallonta ta madubi har hayaƙi ya shafe ta.

Yanzu yana tsaye a harabar wata makaranta a garin gaba, 'yan sanda sun rufe hanya, wayarta kuma ba ta shiga. Babu wanda ya san ko bas ɗin ta isa gare su.