Zaɓin Malachy a Tsere na Huɗu

Malachy Deasy ya soka sandarsa a gindin shingen tsallen dawaki na biyun ƙarshe, ta nutse kusan taƙi guda. Da ya zare ta, ramin ya cika da ruwa nan take. Kwana tara ke nan ana sheƙa ruwa a wannan yanki na Cork, gonar da za a yi sukuwa a cikinta gobe Lahadi ta zama caɓi. Ya zagaye filin kaf yana ɗingishi, shi kaɗai sai tumakin mai gonar da ke binsa da kallo.

Shekara talatin da ɗaya yana wannan zagaye, tun da wani doki ya faɗa masa a kan ƙugu ya raba shi da sirdi. Duk Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya gidan rediyon garin kan kira shi ya faɗi dawakin da yake ganin za su ci. Minti biyar ake ba shi. Tun rasuwar matarsa, mintunan nan biyar su ne hira mafi tsawo da yake yi da ɗan Adam a mako.

Da ya koma gida ya ɗora shayi, ya shimfiɗa takardar tseren a kan teburin kicin. Tsere uku na farko ba su ba shi wahala ba. A na huɗu ne yatsansa ya tsaya. Dawaki tara, mil uku, shinge goma sha biyar. Akwai wani akawal ƙato mai suna Old Quarry, mara sauri amma ba ya gajiya, irin dokin da taɓo ke ƙara wa ƙarfi. Ko makaho ya san shi zai ci. A ƙasan sunansa kuma ga Tansy, goɗiya 'yar shekara shida. Mai horo: Nuala Deasy.

Shekara huɗu rabon da 'yarsa ta taka gidan nan. Bayan jana'izar uwarta ta roƙe shi ya bar mata bargar da filayen da ke bayanta ta fara horon dawaki. Ya ce mata sana'ar ta fi ƙarfinta, ba za ta kai shekara biyu ba. Bayan wata uku ya sayar wa maƙwabci da filayen bai gaya mata ba. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta kwashe kayanta ta kama hayar barga a wajen Mallow, ta fara da dawaki uku na mutane. Katin Kirsimeti kan zo, da sunanta kawai a ciki.

Sau biyu ya ga Tansy tana gudu, duk daga nesa, yana laɓe a cikin taro da hularsa a kan ido. Goɗiya ce siririya mai kyan tsalle, ƙafarta kamar ba ta taɓa ƙasa. A busasshen fili babu mai kama ta. A cikin wannan laka kuwa, ya san numfashinta zai ƙare kafin shinge biyun ƙarshe.

Wayar ta yi ƙara. Cathal mai gabatar da shirin ya fara da tsokanar da ya saba, ya tambaye shi ko ƙugun ya bar shi ya yi barci, sannan suka bi tsere ɗaya bayan ɗaya. Da suka iso na huɗu sai Cathal ya yi 'yar dariya.

"To dattijo, yau kana tsaka mai wuya. Ga jininka a ciki. Me ka gani?"

Malachy ya dubi kujerar da ke ɗaya gefen teburin. Ya san Nuala kan bar rediyo a kunne a barga, tun tana ƙarama haka take.

"Tansy," in ji shi.

"A wannan taɓon?"

"Na ga yadda take tsalle. Ita na zaɓa."

Da ya ajiye wayar, shayin ya huce. Ya shanye shi a haka. A shekarun nan ya sha kuskure, amma bai taɓa faɗin abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba sai yau. Ya gaya wa kansa babu wanda zai cutu. Mutane za su yi asarar Yuro biyar, goma, su zage shi, su manta. Ita kuma za ta ji ubanta ya ambaci sunan dokinta a gaban duniya.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, motoci suka cika gonar, tarakta na jan waɗanda suka maƙale. Masu karɓar caca sun jera allunansu a ƙarƙashin laima, sunan Tansy kuwa ya hau sama, don jama'a sun yi mata caa saboda maganarsa. Dawakin da ya zaɓa a tsere na ɗaya da na uku suka ci. Mutanen da bai san sunansu ba suka riƙa dafa kafaɗarsa suna wucewa. Ya sayi miya mai zafi a kofin takarda, ya hau tudu inda ake hangen filin duka, ya tsaya nesa da kowa.

Aka saki dawakin tsere na huɗu. Tansy ta fita gaba, tana haye shingaye kamar wasa, taron na ihun sunanta. Zagaye na farko ta ba su rata mai yawa, har Malachy ya ce a ransa ko dai idonsa ne ya tsufa. A zagaye na ƙarshe sai ya ga kunnuwanta sun kwanta, wuyanta ya fara sauka. Old Quarry na biye da ita, bai ƙara sauri ba, bai rage ba. A shinge na biyun ƙarshe ta tashi a makare, ƙirjinta ya daki rassan shingen, ta dira a karkace. Ba ta faɗi ba. Ta yi taku uku, huɗu, mahayinta ya ja linzami ya diro, ya tsaya yana duban ƙafarta ta gaba. Akawal ɗin ya wuce ya ci babu mai binsa kusa.

Yana saukowa daga tudu wani mahauci da suka yi makaranta tare, Donie Cronin, ya tare shi yana yayyaga takardar cacarsa. Ya ce masa boka, yau aljanun sun tafi hutu ne, ya kuma ce ranar Asabar mai zuwa ya taimaka ya faɗa musu dokin da 'yarsa ba ta da hannu a kansa. Na kusa suka yi dariya. Malachy ya ɗaga masa hula ya wuce.

Ya sami Nuala a bayan motar ɗaukar dawaki, a ƙarshen gonar. Tana durƙushe cikin laka tana zuba ruwan sanyi da soso a ƙafar goɗiyar, wadda ke tsaye da ƙafa uku tana huci. Nuala ta rame, ya kuma ga furfura a gefen kanta, abin da bai san da shi ba. Ta ɗago ta gan shi, ta ci gaba da aikinta. Ita ta fara magana.

"Na ji ka jiya."

"Na san za ki ji."

"Tun ranar Juma'a na yanke shawarar cire Tansy daga tseren. Na gaya wa mai ita filin bai dace da ita ba, ya kuma yarda." Ta matse soson. "Sai na ji ka. Na ce Baba ya zagaye filin da ƙafarsa, in ya ce za ta iya, to ya ga abin da ban gani ba."

A can baya ana kiran dawakin tsere na biyar da lasifika.

"Ka yarda da abin da ka faɗa?" ta tambaya, ba ta dube shi ba.

"A'a."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar dama amsar da take jira ke nan. Ya so ya gaya mata dalilinsa, amma da ya jera kalmomin a ransa sai ya ji sun yi ƙanƙanta a gaban ƙafar nan da ta fara kumbura. Ta matsa gefe ta ce ya taɓa ya ji. Ya jingine sandarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya bi bayan ƙwaurin da yatsu biyu daga gwiwa zuwa ƙasa. Jijiyar ta yi zafi, ta yi taushi a tsakiya. Goɗiyar ta zabura, Nuala ta riƙe ragamar tana rarrashinta.

"Gaskiya nake so wannan karon," ta ce.

Ya gaya mata. Jijiyar ta tsage amma ba ta tsinke ba. Shekara guda a barga, wataƙila da rabi. Ko ta warke, da wuya ta sake tsallen da take yi. Bai rage komai ba, ita ma ba ta nemi ragi ba. Ta ɗauko bandeji, ya riƙe mata ƙafar ta naɗe, hannayensu na haɗuwa suna rabuwa. Suka taru suka hau da goɗiyar cikin motar, taku ɗaya bayan ɗaya, shi a hagu ita a dama.

Ta rufe ƙofar baya, ta goge hannunta a wando, ta hau mazaunin direba. Kujerar gefenta cike take da bokitai da barguna, da wani kare yana barci a kansu. Ta tayar da injin, sannan ta sauke gilashi kaɗan.

"Likitan dabbobi zai zo Talata, ƙarfe goma," ta ce, idonta a kan hanya.

Motar ta ja a hankali don kada ta girgiza goɗiyar, ta bi ta ƙofar gona ta ɓace a bayan itatuwa. Malachy ya tsaya a inda ta bar shi, gwiwoyin wandonsa sharkaf da laka. Ya juya maganar a ransa ta kowane gefe, bai gane ko gayyata ce ko labari kawai aka ba shi ba. Aka fara yayyafi. A bayansa taron ya ɗauki ihu, dokin da ya zaɓa a tsere na biyar ya shiga gaba, amma Malachy bai waiwaya ba. Yana lissafin ƙarfe nawa ya kamata ya bar gida in yana so ya isa Mallow kafin goma.