Bakwaini a Ƙirjin Mai Walda

Dogo mai walda yana tsakiyar haɗa wata ƙofar ƙarfe yayarsa ta kira shi a waya, ta ce ya ajiye komai ya taho asibiti, an shiga da matarsa tiyata. Cikin bai isa haihuwa ba. Ko hannu bai tsaya wankewa ba ya kama hanya.

Kafin ya isa an ciro 'yar. Bakwaini ce, an sa ta a kwalba, akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake ajiye jariran da suka zo kafin lokacinsu. Uwar ta zubar da jini da yawa, tana wani ɗaki ana ƙara mata, ko zama ba ta iyawa. Ta taga Dogo ya fara ganin 'yarsa: jajir da ita, da siririyar roba a hanci, duk jikinta da kaɗan ya fi tafin hannunsa.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, suna zaune a benci shi da Yaya sai babbar sistar ɗakin jarirai ta leƙo. Gajeriyar mace ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya.

"Kai ne baban wannan ta kusa da ƙofa?"

"Ni ne, Sista."

"To shigo ka wanke hannu har gwiwa, sannan ka cire riga."

Ya ɗauka kunnensa ne bai ji daidai ba. Yaya ta tuntsire da dariya. "Sista, wannan ƙanen nawa ko ƙwai kika ba shi ya riƙe sai ya fasa. Ƙarfe kawai ya sani."

"Ɗumin jikinsa nake so, ba iyawarsa ba," in ji Sista.

Yana goge baƙin mai daga ƙarƙashin farcensa tana yi masa bayani. Ta ce a da jarirai kan yi sanyi a ɗakin nan, kwalaben ba sa isa, wasu kuma ba sa kai labari. Sai nas-nas ɗin suka fara zama duk mako, kowacce ta faɗi abin da ta lura da shi, su canza abu guda, su ga ko ya yi amfani. Sun janye gadaje daga jikin taga. Sun sa an dawo da famfon wanke hannu bakin ƙofa. Daga baya, da goyon bayan likitansu, suka fara ɗora jarirai a ƙirjin iyayensu mata, fata da fata, a ɗaure da zane. Da suka ga jariran na ƙara nauyi, sai wata ƙaramar nas ta ce, to wanda uwarsa ke kwance fa, ba shi da uba ne?

Aka zaunar da shi a kujera. Sista ta buɗe kwalbar, ta ɗauko yarinyar da wayoyin na'urar da ke lura da numfashinta, ta kwantar masa da ita a tsakiyar ƙirji, ta ɗaure su tare. Dogo ya ƙame. Bai ji nauyi ba sam, sai wani ɗan bugu mai sauri a kan fatarsa, kamar na tsuntsun da aka riƙe a hannu. Can ya gane zuciyarta ce. 'Yan yatsunta suka lalubo wani tabon ƙuna a kafaɗarsa suka tsaya a kai. Har farce gare su.

"Yi numfashi mana, Baba," Sista ta ce masa. "Da naka take koyon nata."

Ya jima a haka, sai na'urar da ke gefensu ta fara ƙara. Ƙirjin yarinyar ya daina motsi, leɓenta ya soma sauya launi. Dogo ya ɗago kai yana neman Sista da ido. Sista ba ta yi gudu ba. Ta matso, ta zura hannu cikin zanen, ta murza tafin ƙafar jaririyar, ta shafa bayanta tana cewa, "Haba Hajiya, mantawa kika yi? Ja mana." Yarinyar ta yamutse fuska, ta ja iska, ta sake ja. Na'urar ta yi shiru.

Hawaye suka zubo masa har gemu, ba halin sharewa don hannuwansa na tallabe da 'yar. Sista ta ce bakwaini kan yi haka, shi ya sa ba a barin kujerun nan ba nas a kusa. Ya bi hannunta da kallo, hannu ne kamar na kowa, har da ɗan kaushi.

Kullum da safe sai ya zo ya yi zamansa kafin ya wuce shago. Ran nan nas-nas suka kira shi zamansu na mako, suka tambaye shi me ya kamata a gyara. Ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya ga maza na juyawa daga bakin ƙofa, kunyar tuɓe riga a gaban matan mutane suke ji. Mako na zagayowa ya tarar an rataya labule a lungun ɗakin, wani direba na zaune a bayansa da ɗansa a ƙirji, ya ƙame kamar gunki. Dogo ya tsaya yana kallon labulen, yana mamakin a ce maganarsa ce ta rataya shi.

Ranar da matarsa ta samu ƙarfi, a keken marasa lafiya aka turo ta. Shi ya kwance zanen da kansa, ya tallafi kan yarinyar yadda aka koya masa, ya ɗora mata ita.

"Karkata kanta gefe kaɗan," ya ce a hankali. "Ta fi son ɓangaren hagu."

Matar ta dube shi, ta dubi Yaya da ke tsaye riƙe da haɓa, sannan ta sunkuyar da kai tana shinshinar gashin 'yarta.