Takardu Ashirin a Bakin Iyaka

Muniru ya bar makaranta tun yana aji huɗu, da ɗan Faransancin da bai kai shi ko'ina ba sai turin amalanke a kasuwa. Da ya ji wani kamfanin motoci a Aflao, tsallaken iyakar Gana, yana neman akawu, sai ya ɗaura niyya. Sharaɗin ɗaya ne: jarrabawar rubutun Turanci, ranar Litinin da ƙarfe goma.

Magana ba ta ba shi tsoro, ya tsince ta a bakin direbobi. Rubutun ne damuwa. Sai ya nufi shagon Baba Iddi, tsohon telan unguwar Zango da ya daɗe a Kumasi har ya iya Turanci.

"Rubuta mini their, ka rubuta they're," in ji tsohon.

Muniru ya rubuta su iri ɗaya.

"Kai, ɗan nan, da kunne ka koya kamar aku! 'Yar ƙugiyar nan ta sama fa, wa ka bar wa?"

Baba Iddi bai san wata koyarwa ba sai irin ta allo: a rubuta, a sake, har hannu ya haddace. Layi shida ya ba shi, su your da you're, su its da it's. Kafin Litinin takardu ashirin sun taru, duk abu ɗaya. Muniru ya cusa su a aljihu don bita a hanya.

Kwanakin kuwa ana farautar masu raba takardun zagin gwamnati. Ranar Litinin da safe, a bakin iyaka kafin ya tsallaka, wani sojan ƙasarsu mai jin Faransanci kawai ya lalube shi, ya zaro takardun.

"Su wa za ka raba wa?"

"Ranka ya daɗe, darasi ne. Karanta ka gani."

"Ni zan karanta Turanci? Darasi har ashirin? Wa ya ba ka?"

Muniru ya tuna Baba Iddi da tarin da yake fama da shi, bai so a kama shi ba. "Ni kaɗai na rubuta."

Aka zaunar da shi a benci. Goma ta wuce, azahar ta wuce. Sai da la'asar aka samu mai jin Turanci, ya duba, ya yi dariya. "Ba komai a ciki. Kuma duk daidai ya rubuta."

Aka sake shi, aka riƙe katin shaidarsa. Wani direba ya gaya masa an ɗauki akawu tun da hantsi.

Da ya zo wucewa ta shagon, Baba Iddi ya ɗago daga kan keken ɗinki. "Ƙugiyar fa, ka sa?"

"Na sa, Baba."

Ya wuce neman amalankensa.