Jan Ɗigo a Tagar Kango

Sau biyu ina tarar da an jera bulo a bayan katangarmu kamar matakala. Na watsar, aka sake jerawa. Maigidana direban babbar mota ne, in ya tafi sai an gan shi. Gidan daga ni sai 'yata Auta, ita kuwa ɗakinta ne na baya, tagarsa na kallon wani kango mai bene da aka daina ginawa. Na faɗa wa mai gadin layinmu, wai yara ne.

Rannan da la'asar na rufe shagon ɗinkina na shiga kasuwa, layin masu kayan lantarki. Maigidana ne ya ce mini a waya akwai wani madubi mai ido ɗaya da ake ganin mutum da shi cikin duhu, in nemi ƙarami mai sauƙi.

Mai shagon dattijo ne, mai sanyin jiki kamar an jiƙa shi. Ya ɗauko guda biyu ya ajiye a kan kanta, kowanne bai wuce tocila ba.

"Hajiya, daga ina zuwa ina kike son gani?"

"Daga taga zuwa katanga. Malam, ba farauta zan je ba."

"To kowanne zai yi miki. Wannan ya fi hango nesa, wannan ya fi ɓoye mai shi."

"Ɓoye shi kamar yaya? Ka yi mini Hausa."

Maimakon ya amsa, sai ya buɗe ƙofar sitonsa ya ce in shiga in gwada. Kwalaye ne har rufi, ga warin roba. Ya miƙo mini na farkon, ya taka zuwa ƙarshen siton, ya kashe wuta. Na kanga abin a idona. Sai ga shi tsaye, fari fat, idanunsa na ƙyalli irin na kyanwa, har rubutun kwalin da ke bayansa ina karantawa. Gaskiya abin ya burge ni.

"Akwai fitila a jikinsa," in ji shi daga cikin duhun. "Ido ba ya ganin haskenta, madubin ne ke gani. Amma ba ni shi, ki tsaya inda nake, ki ga abin da ɓarawo zai gani."

Muka yi musayar wuri ina laluben kwalaye. Ya kunna.

Wani ɗan jan ɗigo ne ya bayyana, kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ba ya haska komai. Yana nan kawai, daidai tsayin fuskar mutum.

Na san ɗigon nan. Ba sau ɗaya ba, in na shiga rufe wa Auta taga bayan isha'i, nakan hango shi a tagar benen kangon. Na ɗauka wani ɗan zaman banza ne ke zuƙar taba, har tsaki nake yi.

"Malam," na ce, "wutar taba tana tsayawa haka?"

"A'a. Taba in an zuƙa ta yi haske, in an bari ta dushe. Wannan ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa." Sai ya tambaye ni, "Kin taɓa ganin irinsa ne?"

"Kunna wuta."

Ya kunna. Ya dubi fuskata, bai ƙara tambaya ba. Ya ce in ɗauki na biyun, shi fitilarsa ba ta nuna ja, sai dai ganinsa gajere ne. Na ce ya ƙunshe shi. Da na fito kanta na ga rana ta yi ƙasa, masu shaguna har sun fara jan ƙofofi. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Na kira Auta. Sai da wayar ta kusa tsinkewa ta ɗauka.

"Kina ina?"

"Ɗakina. Guga nake yi, Mama."

"Kin taɓa lura da wata 'yar jar wuta a benen kangon nan?"

"Au, ta masu shan taba? Kullum ma. Amma ai sun tashi daga can."

"Sun koma ina?"

"Jiya dai a bayan tankin ruwanmu na hango ta. Na ɗauka mai gadi ne kika bari ya shigo."

Na dafe kantar shagon da hannu ɗaya.

"Auta, ajiye gugar. Kada ki tsaya neman mayafi, kada ki leƙa baya. Ki fita ta ƙofar gaba ki shiga gidan Gwaggo nan maƙwabta, ki bar wayar a kunnenki ina jin tafiyarki."

"Mama, lafiya?"

"Tafi nake ce miki."

Na tsaya ina saurare. Na ji takalminta a kan siminti, na ji ta ja sakata, sakatar ta ƙi, ta sake ja.