Rigar Motar Likita

Auta ta haura shekara hamsin, amma har yanzu da Auta ake kiranta, don ita ce ƙarama a ɗakinsu. Shago ɗaya suke riƙe da yayarta: ita yanka da ɗinki, Yaya guga da karɓar baƙi. Labule suke yi, da zannuwan gado, da rigunan kujeru.

Wata safiya likitan haƙorin da ke da asibiti a ƙarshen layinsu ya leƙo, ya gaishe su, ya ce riga yake so a ɗinka wa motarsa.

"Mota kuma?" in ji Yaya. "Sanyi take ji?"

Ya yi dariya, ya ce dai a rufe masa ita, na kasuwa duk ba su zauna mata ba. Auta ta rataya tef a wuya ta bi shi.

Ta sha jin ƙarar motar tana wucewa, amma ba ta taɓa tsayawa kusa da ita ba. Ruwan lemo ce, a kwance take a ƙasa kamar an danne ta da tafin hannu. Rufinta ko ƙirjin Auta bai kai ba. Ta zagaya ta sau biyu ba ta sa tef ba, don ta rasa ta inda za ta fara. Kujera tana da kusurwa, gado yana da kusurwa. Wannan ko ina ta ɗora ido sai layin ya sulale ya shige cikin wani.

"Likita, ina hannun ƙofar?"

Ya taɓa wani wuri a gefe, ɗan ƙarfe ya turo kai waje. Ta ce ya sake, ya sake.

Bayan ƙofar akwai rami mai zurfi da ya shige ciki kamar hammata. Ta zura hannu har gwiwar hannu.

"Wannan fa? Ado ne?"

"Ta nan take shan iska, Hajiya. Injin a baya yake."

"To gaban me ke ciki?"

Ya buɗe mata. Wani ɗan akwati ne da bai fi ɗaukar jaka ɗaya ba, da laima a ciki. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambayi wanda ya zauna ya yanke shawarar a yi mota a juye. Likita ya ce bai san shi ba, amma ya ji da yumɓu ake fara gina irinta, girmanta guda, ana kankarewa da hannu har sai ta yi.

Wannan maganar ce ta bi ta har shago. Ashe hannun mutum ne ya bi wuraren nan kafin nata.

Awon farko bai yi ba. Ta yanka yadi yadda take yanka na doguwar kujera, da aka shimfiɗa sai ya tattare a tsakiya ya ɗame a baya. Ta tsuguna ta duba, sai ta gano dalili: motar tana da ƙugu. A wajen ƙofa ta tsuke, a kan tayoyin baya ta buɗe.

"Yaya, ba kujera ba ce," ta ce da ta dawo. "Awon mutum za a yi mata."

"Sai ki tambaye ta ko tana son aljihu."

Washegari ta kwashi tsofaffin jaridu da alli ta koma. Ta riƙa manna takarda a jikin motar, tana shafawa, tana zana inda kowane layi ya karya. A nan ta lura da wani siririn tudu da ya taso daga saman fitila, ya ratsa ƙofa, ya ɓace kafin ya kai baya. Ta bi shi da yatsa ta kasa kama inda ya ƙare. Ta tambayi Likita amfaninsa. Ya duƙa ya duba, ya ce shi ma sai yau ya gan shi. Suka tsaya su biyu suna matsawa hagu da dama, suna ganin yadda haske ke tsagewa a kansa, sama fari, ƙasa duhu, har ma'aikaciyarsa ta fito ta ce mai ciwo yana jira.

Mako biyu aikin ya ci. Ta yi wa madubai aljihunsu, ta tsuke ƙugun, ta sa roba a kalmasa. Ranar da aka sa rigar, toka-toka, ta zauna ɗas ba ko tattara ɗaya. Har tudun nan ana gani ta cikin yadin.

Bayan kwana kaɗan Likita ya sake zuwa, yana sosa ƙeya.

"Hajiya, aikinki ya yi kyau, kyan ne ma matsalar."

Sai a lokacin ya faɗi abin da ya sa yake son rigar. Masu wucewa ne ke taruwa ɗaukar hoto, suna tare ƙofar asibiti, mai kumburarren kumatu sai ya ratsa taro kafin ya shiga. Yanzu kuwa sun ƙaru, don kowa na ganin siffar yana son ya ɗaga ya leƙa.

Yaya ta ajiye dutsen guga tana dariya har da riƙe ciki. Auta ba ta ji haushi ba. Kafin yamma ta ɗinka masa wani burmemen buhu na tamfol wanda ko tulin katako aka rufa da shi ba mai tankawa. Rigar farkon kuwa ya ce a gida zai riƙa sa wa motar.

Don ya wanke laifinsa, ya ce ta zo ya zagaya da ita. Da ƙyar ta naɗe gwiwoyinta ta zauna, kamar a kan tabarma. Suka hau titi. Ta duba gaba, ta duba gefe. Ba ƙugu, ba tudu, ba ramin iska. Gilashi ne kawai da ɗan gefen bonet, sai tayoyin manyan motoci a saitin fuskarta.

"Likita, kai da ka saye ta ai ba ka ganin komai."

"Akwai wani kanti can gaba mai bangon gilashi," ya ce, yana ɗan jin kunya. "Nakan rage gudu a wurin."

Da suka iso ya rage. Ta juya ta ga motar tana sulalawa a jikin gilashin, doguwa, ruwan lemo, da kan wata mata mai ɗankwali a ciki. Na bayansu ya danna hon. Auta ta ce ya zagayo su sake bi, ba ta gama duba bayan ba.